Wayar Bappa Ba Ta Shiga Ƙwarya

Shafi na 17

Masu turo min saƙo tun Litinin kuna zagin Bappa, ku sassauta. Masu cewa Siddiq ya zauce, ku ma ku sassauta. Ku karanta tukuna.

* * *

Ƙwaryar tana bakin ƙofa kamar kullum.

Dokar Zaman Laraba ke nan a gidan Mama Agnes. Kafin ka taka tabarma, sai ka jefa wayarka a ƙwarya. Mama Agnes nas ce da ta yi ritaya a nan Gumel, ita ta tara mu, mu da muka gudo daga garuruwanmu. Amma ba ita ta kafa dokar ba, mu muka kafa. Duk wanda ya fito daga inda muka fito ya san da waya ake sayar da gari. Mutum yana zaune da ku a majalisa, ya tashi kamar zai kama ruwa, ya danna lamba. Shi ke nan, an gama da ku.

Na jefa tawa. Babu sim a cikinta, amma babu wanda ya sani.

Bappa ya shigo a bayana, ya jefa babbar wayarsa ta dillancin shanu, ya dafa kafaɗata.

"Siddiq, ka baro ni a Maigatari ko sallama babu. Lafiya?"

Na zame kafaɗata.

"Lafiya."

Mata suna tabarmarsu, maza muna tamu, ƙarƙashin darbejiya. Talatu mai awarar bakin tasha ta leƙo fuskata.

"A'a, Malam Shiru, fuskar ta koma irin ta da? Ko wata ce ta ce ba ta yi?"

Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Ita ta raɗa min wannan suna. Wata huɗu da suka wuce, da na fara zuwa, a bakin ƙofa nake zama da takalmina a hannu. Sati shida ban ce uffan ba. Bappa ne ya ja ni kara, kasuwar shanu, a Maigatari, ya koya min riƙon igiya da shafa wa saniyar da aka sayar fenti. Ranar da wani bijimi ya watsa ni cikin kashi, ranar na fara dariya tun da na bar Tungarmu.

Satin da ya wuce kuwa, a kan wannan tabarma, na buɗe bakina na faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ƙanwata Sharifa tana raye. Tana ɓoye a gidan goggonmu a Ƙaura. Ita kaɗai ta ga fuskar wanda ya nuna wa 'yan bindiga hanyar garinmu, wani mai yankakken kunne, kuma shi ma ya san ta gan shi. Nan take Bappa ya ce yana da direban motar shanu, Cindo, zai ɗauko ta yau Laraba bayan azahar, su iso Maigatari kafin kasuwar gobe ta ci.

Har hawaye na yi a ranar. A gaban mata.

Mama Agnes ta gyara gilashinta.

"To 'ya'yana, wa zai buɗe mana yau?"

"Ni."

Duk suka juyo.

"Ikon Allah," in ji Talatu. "Wanda sai an roƙe shi."

Na miƙe tsaye. A zamanmu ba a miƙewa, amma ƙafafuna sun ƙi zama.

"Mama, tambaya gare ni. Kowa ya sa wayarsa a ƙwarya?"

"Kowa ya sa."

"Bappa, ka sa?"

"Ai a gabanka na sa."

"Na ga wadda ka sa. Ta damtsenka fa?"





Bappa bai ɗago ba. Hannunsa na dama ya tafi a hankali ya dafe damtsensa na hagu, ta saman riga.

"Siddiq," ya ce. "Zauna."

"Ba zan zauna ba. Yau da hantsi a kara, ana sauke shanu, na gan ka. Ka saki igiya a hannuna, ka ruga bayan tirela kamar wanda kunama ta harba. Na bi ka. Na ga ka zaro wata ƙaramar waya daga cikin kambunka. Na ji abin da ka ce."

"Me ya ce?" Talatu ta tambaya. Babu wasa a muryarta yanzu.

"Sharifa. Bayan azahar. Bakin tasha."

Wata mata ta ja ɗanta jikinta. Kawu, tsohon da ya fi mu duka shekaru, ya fara lalubar sandarsa.

"Ku gaya min," na ce. "Shekara uku yana zuwa nan. Wa ya taɓa jin labarinsa? Wa ya san daga ina ya fito? Kullum shi ne mai kawo nono, shi ne mai barkwanci. Mu mu zazzage cikinmu, shi yana saurare da waya a ɗaure a jikinsa."

Talatu ta juya gare shi.

"Bappa. Na faɗi sunan garin da mijina yake a gabanka. Na faɗi sunan mai gidan da ya ɓoye shi."

"Kin faɗa."

"To naɗe hannun rigar."

Bai yi gardama ba. Ya naɗe. Ga kambu nan na jan fata, duk ya yi baƙi da gumi. Ya kwance maɗaurin, ya zaro ta. Ƙaramar waya ce mai madannai, lambobin jikinta duk sun goge. Fitilarta tana kunne.

Wani ya ce, "Innalillahi."

"Ku dakata," in ji Mama Agnes.

Na kalle ta. Kowa a wurin ya firgita, ita ce kawai ba ta firgita ba. 

"Mama. Kin sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ya fara zuwa."

"Ashe ku biyu ne."

"Siddiq!"

"Shi ya sa ake tara mu! A ba mu shayi, a ce mu faɗi damuwarmu! Shi kuma dama irinsu ne suka..."

Talatu ta buga tafin hannunta a tabarma.

"Kai, rufe bakin nan. Ka tsaya a kan waya. Ni ma raina a ɓace yake, amma kada ka kawo mana wannan."

"Bar shi, Talatu," in ji Bappa. "Na ji wadda ta fi ta."

Mama Agnes ta cire gilashin ta riƙe a hannu.

"Bappa, shekara uku ina riƙe maka. Ba ni zan faɗa ba. Amma ka ga inda shirun ya kai mu."

Bappa ya kalli wayar a tafin hannunsa. Da ya fara magana, ba muryar kara ba ce, ba wadda yake kiran farashi da ita ba. Sai da muka matsa kafin mu ji.

"Waɗanda suka ƙone irin garinku, su suka kore shanuna. Waɗanda suka zo ramuwa, su suka ƙone rugata. Ban san wanda zan kai ƙara ba."



"Ina da 'ya. Ummulkhair. Shekararta tara a lokacin. Ranar ta kai maruƙa rafi. Na binne uwarta, na binne yayyenta biyu. Ita ban gan ta ba. Ba a cikin gawa ba, ba a cikin masu rai ba."

Ya shafa madannan da babban yatsansa.

"Yarinya ce mai yawo. Ko kasuwa muka je sai ta ɓace. Sai na koya mata lambar nan. Da waƙa na koya mata, muna tatsa da safe. Ina faɗa tana amsawa. Ko cikin barci ka tashe ta za ta rera maka ita."

Talatu ta sa bakin mayafinta a baki.

"Lamba ɗaya ta sani a duniya. Ita ce wannan. Shekara uku da wata biyu ban kashe ta ba. Batir biyu gare ni, ina sauyawa da gudu. Ban taɓa kiran kowa da ita ba, kada yarinyar ta samu wayar aro ta kira, ta ji layi a cike, mai wayar ya karɓe abinsa. To ku gaya min, in sa ta a ƙwarya, a bakin ƙofa, awa biyu?"

"Ranar farko ya ce min ko ya shigo da ita, ko kada ya shigo," in ji Mama Agnes. "Na duba wayar da hannuna. Babu lamba ko ɗaya a ciki. Na ce ya shigo."

Na so in yarda da shi. Amma a garinmu mun ga infoma yana kuka a jana'izar wanda ya sayar. Ban zauna ba.

"To Sharifa fa? In ba ka kiran kowa, da wa kake maganar Sharifa?"

"Da Sharifa."

"Ƙarya ne."

"Siddiq, wayarka rabin yini a mace take. Kai da bakinka kake mita ba ta riƙe caji. Tawa babbar kuma kullum dillalai ne a kai. Yarinya za ta yi tafiyar awa takwas, ana nemanta. Na ce in wani abu ya faru a hanya, wa za ta kira ya ɗauka? Sai na sa Cindo ya rubuta mata lambar da ba ta mutuwa."

Ya juya wayar a hannunsa.

"Ban taɓa ba kowa ita ba. Na kwana biyu ina tunani kafin in bayar. Kuma wallahi da ta yi ƙara yau da hantsi, na manta na bayar. Karo na farko ke nan da ta yi ƙara. Na ɗauka, na ji muryar yarinya ta yi sallama..."

Bai ƙarasa ba.

Ba sai ya ƙarasa ba.

"Sai ta ce ita ce Sharifa ƙanwar Siddiq, gwada lambar take yi. Na ce mata to, ta shirya, bayan azahar, bakin tasha. Abin da ka ji ke nan."

 Ban san lokacin da na zube a tabarma ba.

Talatu ta share ido ta harare ni.

"To Malam Shiru, da ma ka ci gaba da shirunka. Tashi ka ba shi haƙuri. Gobe in Sharifa ta iso ni zan gaya mata irin yayan da Allah ya ba ta."

"Ba za ta iso ba."

"Me ka ce?"

"Ba ta shiga motar Cindo ba."

Bappa ya ɗago da sauri.

"Siddiq, me ka yi?"

"Na kira ta. Daga bayan tirelar na wuce na kira ta. Na ce mata an sayar da mu. Na ce kada ta je tasha, kada ta jira Cindo, ta bar gidan Goggo yanzu, ta shiga duk motar da ta samu."

"Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai."

"To kira ta mana!" in ji Talatu. "Mama, a ba shi wayarsa!"

"Babu sim."

"Ina sim ɗin?"

Na kasa kallon kowa.

"Na tauna."

Babu wanda ya tambaye ni dalili. Duk sun sani. Haka ake yi a wajenmu. In ka zargi an san lambarka, ba ka jefar da sim, ana tsinta. Taunawa kake ka tofar.

Talatu ta matso a kan gwiwoyinta.

"Siddiq, dube ni. Ita ma ka ce ta tauna?"

Na gyaɗa kai.

"La ilaha illallahu."

Mama Agnes ta tashi da kanta ta je ƙwarya, ta ɗauko wayar Talatu da babbar wayar Bappa. Na faɗi lambar Sharifa, Talatu ta danna. A kashe. Ta sake. A kashe.

Bappa ya kira Cindo, ya buɗe murya kowa ya ji.

"Bappa, yanzu nake shirin kiranka," in ji Cindo, ga ƙarar inji a bayansa. "Na jira yarinyar nan har kusan la'asar. Na tura gidan, tsohuwar ta ce tun hantsi ta fita da ƙullin kayanta, ba ta ce ga inda za ta ba. Shanu sun fara galabaita, dole na taso."

"Ba ka ga kowa yana tambayarta ba?"



"Akwai wani da ya zo tasha yana tambayar motar Jigawa. Ban ba shi fuska ba."

"Yaya yake?"

"Ban lura sosai ba. Ya ja hula ta rufe kunnuwansa, ga zafin nan."

Bappa ya kashe.

Kawu ya fara jan carbi da ƙarfi. Ni kuwa lissafin da kaina yake yi ɗaya ne. Sharifa tana kan hanya. Ba ta da layi. Lambata da ta haddace na tauna ta na tofar a kashin shanu. Gumel kawai ta sani, ba ta san unguwa ba, ba ta san gida ba.

"Takardar da Cindo ya ba ta fa?" in ji Mama Agnes. "Mai lambar Bappa?"

"Ta ce ta ƙulle ta a bakin zanenta."

"To alhamdulillahi. Za ta kira."

"Ba za ta kira ba, Mama."

"Don me?"

Na kalli Bappa. Dole na kalle shi.

"Na ce mata lambar infoma ce."

Na jira ya mare ni. Wallahi da ya mare ni da na ji sauƙi. Sai kawai ya matso, ya zauna kusa da ni har kafaɗarmu ta haɗu, ya ajiye ƙaramar wayar a tabarma tsakaninmu.

"To mu jira," ya ce. "Ni na iya. Zan koya maka."

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Inuwar darbejiya ta bar tabarmar mata ta hau katanga. Shayi ya huce a buta. Babu wanda ya tashi, har matar da ta ja ɗanta ɗazu. Talatu ta kwance mayafinta ta sake ɗaurawa ya fi sau biyar.

"Bappa," na ce. "Maganar da na faɗa ɗazu..."

"Riƙe ta. In yarinyar ta iso ka ba ni haƙurin gaba ɗaya."

Sai wayar ta yi ƙara.

Ƙara ce siririya, irin ta tsofaffin wayoyi. Duk wurin aka zabura.

Baƙuwar lamba.

Ni da Bappa muka kalli juna. Na ga abin da ke idonsa, shi ma ya ga abin da ke nawa. Ɗayanmu ne kawai zai samu wadda yake jira.

Ya ɗauke ta. Ya kai yatsa kan madanni, ya kasa. Sai ya kamo hannuna ya ɗora min ita.

"Ɗauka. Sau biyu a rana ɗaya ba zan iya ba."

Na danna. Na buɗe murya.

"Salamu alaikum." Can ƙasa, kamar mai magana cikin mayafi. "Don Allah Baba ne mai shanu?"

"Sharifa!"

"Yaya! Yaya, kai ne? Alhamdulillahi!"

Bappa ya rufe ido. Ya sunkuyar da kai, leɓɓansa suna motsi.

"Sharifa, kina ina? Yaya aka yi kika kira lambar nan bayan abin da na gaya miki?"

"Yaya, tun a mota nake tunani. Mutumin nan da ya ji muryata da safe kuka ya yi. Ya kira ni da wani suna. Da na ce ba ita ba ce, sai ya ce ba komai, Allah ya kawo ni lafiya. Ni dai ban yarda infoma ba ne."

Talatu ta fashe da kuka da dariya a haɗe.

"Kin fi yayanki hankali, 'yar nan!"

"Kina ina?" na sake tambaya.

"Motar Kano na shiga. Mun tsaya sallah bayan Malumfashi. Wayar wata tsohuwa na ara, ina bayan masallaci. Yaya, saurara, ba ni da lokaci."

Muryarta ta ƙara yin ƙasa.

"Akwai wanda ya shigo motarmu a Funtuwa. Yana kujerar gaba. Duk hanya bai juyo ba. Yanzu ya cire hula zai yi alwala."

"Sharifa..."

"Kunnen, Yaya. Shi ne. Kuma ina jin ya..."

Ɗif.

"Sharifa! Sharifa!"

Layin ya yanke.

Mama Agnes ta miƙe. Ta nufi bakin ƙofa, ta ɗauko ƙwaryar, ta kife ta a tsakiyar tabarma. Wayoyi suka watse.

"Kowa ya ɗauki tasa. Duk mai ɗan'uwa, ko direba, ko wanda ya sani tsakanin Malumfashi da Kano, ya kira shi yanzu."

"Ni ina da mai kai min waken suya," in ji Talatu, tana dannawa tun kafin ta rufe baki. "Siddiq, karanto min lambar tsohuwar in kira."

"A'a," in ji Bappa. "Baƙuwar lamba ba lallai a ɗauka ba. Wadda aka kira ita za ta mayar."

Ya naɗe yatsuna a kan ƙaramar wayar.

"Kira."

"Bappa, in Ummulkhair ta kira ta ji layi a cike fa?"

"Na ce kira."

Shekara uku da wata biyu. Na danna.

Ta shiga.

Sau ɗaya.

Sau biyu.

A na uku aka ɗauka. Ba tsohuwa ba ce. Ba Sharifa ba ce.

Muryar namiji ce, a natse, kamar mai gaida maƙwabci a bakin masallaci.

"Salamu alaikum, Siddiq. Ashe kana Gumel."